Tawaye da bindiga zai iya kayar da sojan gwamnati a zamanin nan? Maganar Chadi ce ta ɗaure min kai

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma tun farko in faɗa, ba zuga kowa nake ba. Ni atamfa da shadda nake sayarwa, ko taya ce ta fashe a bakin titi sai na dafe ƙirji. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da yaron shagona, shi ne na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi mu sani.

Shi yaron, da yake yana haɗa zaman shago da karatun difloma, cewa yake zamanin da wasu za su shiga daji da bindiga su fito su kori gwamnati ya wuce, ba zai dawo ba. Gwamnati na da jiragen yaƙi, tana da jirage marasa matuƙa masu gani cikin dare, tana iya bin layin wayarka ta san ɗakin da ka kwana. Babban banki nata ne, tashar jiragen ruwa tata ce. Kai kuma me gare ka, in ji shi, ban da AK-47 da babur?

Ni kuwa kwastomomina da yawa 'yan Chadi ne, masu zuwa sari su loda kaya ta Maiduguri da Gamboru su tsallaka Kusuri. In muna zaune ana ɗaure musu dila, hirar ƙasarsu muke. Hissene Habre daga daji ya fito ya kama Njamena a 1982. Idris Deby ya taso daga Darfur a watan Nuwamba na 1990, cikin mako uku yana zaune a fada, Habre ya tsallaka Kamaru. Kuma fa ba ƙaramin soja ya kora ba, sojan da shekara uku kafin nan ya fatattaki tankokin Gaddafi daga arewacin ƙasar ne. To amma a 2008 wasu suka biyo sawun Deby sak, hanya ɗaya, irin mota ɗaya, har suka yi wa fadarsa ƙawanya, sannan suka koma hannu rabbana. A 2021 kuma shugaban ƙasar da kansa ya rasa ransa a fagen daga, duk da haka 'yan tawayen ko ƙurar Njamena ba su hango ba.

Me ya bambanta su? Makami ne ya canza, yaron nan ya yi gaskiya ke nan? Ko akwai abin da ba mu gani daga nan Kano?

Baba Ambasatna:

Wa alaikumus salam Alhaji. Lokacin na 2008 ina zaune a Njamena, unguwar Ambasatna, ina sayar da kayan gyaran mota. Saboda haka ba duk abin da zan faɗa ne na ji a rediyo ba.

Tun tsakiyar mako ake raɗe-raɗin sun taso daga iyakar Sudan, mota wajen 300. Ran Juma'a 1 ga Fabrairu Deby ya fita da kansa ya tare su a Massaguet, kimanin kilomita 80 daga birni. Bai ji da daɗi ba. A nan aka kashe babban hafsan sojansa, Daoud Soumain, shi kuma ya komo gari. Waya ta ɗauke. Safiyar Asabar sai ga su a cikin unguwanni. Ba ka iya bambance su da sojan gwamnati: Land Cruiser buɗaɗɗiya iri ɗaya an shafe ta da taɓo, jarkoki da buhunan roka a rataye a gefe, rawani ya rufe fuska sai ido. Wata mota ta tsaya a bakin layinmu, wani siririn saurayi da silifas a ƙafa ya diro ya nemi ruwa. Ya shanye a tsaye, ya miƙo kofin, sannan ya tambaye mu ta ina ake bi a je gidan rediyo. Har yau in ana maganar tawaye wannan tambayar nake tunawa. Ka zo ƙwace birni, ba ka san hanyoyinsa ba.

Deby ya shige fada ya girke tankoki a kan titunan da ke shiga. Alhaji, motar Toyota a sahara take da baki. A garin Fada da Wadi Dum a 1987 da gudu suka ci tankokin Libiya, su zagayo ta nan su ɓullo ta can kafin bakin igwa ya juya. Cikin gari kuwa ba wurin zagaye. Titi ne miƙaƙƙe, gini dama gini hagu, tanka na zaune a ƙarshensa tana jiranka. Ga jirage masu saukar ungulu suna tashi daga filin jirgi suna ɓarin wuta. Filin jirgin kuma sojan Faransa ne suka riƙe shi, wai suna kwashe baƙi, wanda ya matso kusa su buɗe masa wuta. Daga baya Faransa da bakinta ta amsa cewa ta taimaka an kawo wa Deby albarusai daga Libiya. Su kuwa mutanen, mai da harsashin da ke cikin mota shi ke nan abin da suke da shi, gida yana bayansu da fiye da kilomita 800. Da yammacin Lahadi suka janye.

Amma ni ban yarda tanka ce ta cece shi ita kaɗai ba. Shugabannin tawayen uku ne: Mahamat Nouri, Timane Erdimi, da Abdelwahid Aboud Mackaye. Nouri tsohon ministan tsaron Deby ne, ɗan ƙabilar Gorane ne kamar Habre. Erdimi ɗan gidan Deby ne, Zagawa, ya taɓa riƙe masa ofis. Sun yarda a kori Deby, ba su yarda da wanda zai zauna a kujerar ba. To ka sa kanka a matsayin kanar ɗin da ke cikin bariki ran Asabar ɗin nan yana lissafi. In zai juya baya, wa zai bi? In shi Zagawa ne, ya miƙa wuya ga Nouri, alhali ya san abin da danginsa suka gani a hannun Habre a 1989? Sai ya zauna inda yake. Da manyan hafsoshi biyar sun sauya sheƙa ran nan, da tankokin nan da kansu za su juya baki su kalli fada.

A 1990 kuwa shugaba ɗaya ne, kuma shi ne tsohon kwamandan sojan da yake yaƙa. Ya san wanda ake bin sa albashi, ya san wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Da ɗan gari akan ci gari. Sudan ta ba shi masauki, Libiya ta ba shi kaya, sojan Faransa da ke Abeshe da Njamena suka naɗe hannu suna kallo. Da aka karya dakarun Habre a gabas, sauran suka watse. Deby bai yi yaƙin titi a Njamena ba, tarar da ita ya yi a buɗe ran 2 ga Disamba.

Mu kuma talakawa ga rabonmu a 2008. Wani sashe na babbar kasuwa ya ƙone, aka yi wasoso a shaguna da ofisoshi. Ran Litinin muka bi ayari zuwa gadar Ngueli, dubban mutane, katifa a ka, yara a baya, wasu ta kwalekwale suka tsallaka Kusuri. Ran 3 ga wata sojoji suka ɗauke Ibni Oumar Mahamat Saleh daga gidansa, ɗan adawar da ko sanda bai riƙe ba, har yau ba a sake ganinsa ba. Da ƙura ta lafa Deby ya sa aka haƙa rami kewaye da birni, aka sare manyan itatuwan da ke babban titi, waɗanda muke shan inuwarsu, don kada gobe wani ya laɓe a bayansu.

Malamar Tarihi:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan bayani ya fi abin da nake karantarwa a aji. Zan ɗora kaɗan, don kada a ɗauka halin Chadi ne kawai.

Alhaji, ka ce wa yaronka ya dubi Siriya. Sojan Bashar al-Assad na da jirage, da tankoki, da jami'an leƙen asiri masu sanin abin da mutum ya faɗa wa matarsa. 'Yan tawaye sun fara farmaki ran 27 ga Nuwamba 2024, Halab ta faɗi, Hama ta bi, Homs ta bi, ran 8 ga Disamba Assad yana hanyar Mosko. Sai dai kada kai ma ka yi saurin cewa ka ci gardama. Waɗannan mutanen shekara 13 ana gwabzawa da su, kuma a 2016 an fitar da su daga Halab ɗin nan da ƙarfin jiragen Rasha da mayaƙan Iran da Hizbullah. Ba wani sabon makami ne ya sauko musu daga sama a 2024 ba. Rasha ce yaƙin Yukren ya sha mata kai, Hizbullah ta jigata a hannun Isra'ila, kurtun Siriya kuma albashinsa ba ya kai shi ko tsakiyar wata. Da aka zo, sai ya tuɓe kaki ya yar a gefen hanya.

Haka Kabul. Babban birnin lardi na farko, Zaranj, ya faɗa hannun Taliban ran 6 ga Agusta 2021, ran 15 suna fadar shugaban ƙasa. Yawancin garuruwan ba da yaƙi aka karɓe su ba, dattawa ne suka shiga tsakani, kwamanda ya miƙa makamai a bar shi da yaransa su tafi gida. Tun da Amurka ta sa hannu da Taliban a Doha a Fabrairun 2020 kowane soja ya san uban gidan zai tafi. Mengistu na Habasha ma, mai ɗaya daga cikin rundunoni mafi girma a Afirka, da Tarayyar Sobiyat ta daina aiko kaya, a Mayun 1991 ya hau jirgi sai Zimbabuwe.

Ga kuma ɗaya gefen, a gidanmu. Biyafara na da abin da yawancin 'yan tawaye ba sa samu: ƙwararrun hafsoshi da suka fito daga sojan Najeriya, da ƙasa a hannu, da kuɗinta, da gidan rediyo, da jama'ar da ta yi imani rayuwarta take karewa. A Agustan 1967 har Ore suka kai. Amma Kamaru ta Ahmadu Ahidjo ba ta buɗe musu iyaka ba, teku kuma ta kuɓuce musu, Bonny da Kalaba a 1967, Fatakwal a Mayun 1968. Birtaniya da Sobiyat duk suna sayar wa Legas makamai. Sai ya zama komai ta ɗan filin jirgin Uli yake shiga cikin dare. Sojan tarayya bai rabu ba, mai ba shi kaya bai janye ba, aka yi ta matsawa har Janairun 1970, yunwa ta kashe yara ba adadi.

Inda na ɗan saba da Baba shi ne nauyin da ya ba rabuwar kan shugabanni. Masu tawayen Siriya ma ba bakinsu ɗaya ba, na arewa daban, na Dar'a a kudu daban, amma suka shiga. Ni a ganina da Faransa ta naɗe hannu a 2008 yadda ta yi a 1990, da su Nouri sun shiga fada, sai su yi rigimarsu daga baya a kan gawar gari.

Ɗan Agadas:

Salamu alaikum. Ku kuna maganar wa ya ci wa ya faɗi. Mu nan mun ga iri na uku, wanda ba a ci ba a faɗi, sai gari ya mutu.

An yi tawaye a arewacin Nijar daga farkon shekarun 1990 har aka sa hannu a kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara. Aka sake wani a 2007, na MNJ ƙarƙashin Aghali Alambo, ya fara da harin Iferwan a watan Fabrairu. Sun san duwatsun Ayar kamar tafin hannunsu, sun kai hari barikin Tazarzat sun kama sojoji da yawa. Amma ko Agadas ba su riƙe ba, balle a yi zancen Yamai da ke nesa da kusan kilomita 1,000. Soja ma bai iya share su daga dutse ba. A 2009 Gaddafi ya shiga tsakani aka aje makamai.

Yayana jagoran masu yawon buɗe ido ne a da. Yana da mota biyu, yana kai Turawa Timiya da Tenere lokacin sanyi, maƙeran azurfa da masu ɗinkin fata duk suna ci a jikinsa. Da aka fara dasa nakiya a hanyoyi, jirgin da ke kawo baƙi ya daina sauka. Ya sayar da mota ɗaya ya ci, ɗayar tana nan a tsakar gida a kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Manyan tawayen kuwa, na farko da na biyu, da yawansu sun samu kujera. Rhissa Ag Boula har ministan yawon buɗe ido ya zama, ka ji abin dariya.

Kuma ku lura, duk gwamnatin da aka kayar da ƙarfi a Nijar, ba daga daji aka zo mata ba. 1974, 1996, 1999, 2010, 2023, duka daga cikin bariki ne, wasu ma masu gadin fadar ne da kansu.

Injiniya:

Ni dai ina bayan yaron shago, ko da rabi. Malama, misalanki na sojan da ya riga ya ruɓe ne. A kawo wanda bai ruɓe ba mu gani.

A Fabrairun 2019 mutanen Erdimi sun sake shigowa Chadi daga Libiya da motoci. Ba su ko kusanci gari ba, jiragen Mirage na Faransa suka same su a Ennedi suka yi ta dukan ayarin kwana da kwanaki, sauran suka miƙa wuya. Doguwar tafiyar da aka yi a 2008, yau ba za ta yiwu ba. Sannan Tigray. A ƙarshen 2021 mayaƙan wannan yanki na Habasha sun kama Dessie da Kombolcha, sun kai Debre Sina, ofisoshin jakadanci a Addis Ababa har sun fara kwashe mutanensu. Kuma waɗannan ba 'yan koyo ba ne, tsofaffin janar-janar na sojan Habasha ne ke jan su. Firaminista Abiy ya samo jirage marasa matuƙa daga waje, aka dinga ƙona motocin da ke kawo musu abinci da harsashi a kan hanya ɗaya tilo. Kafin shekara ta ƙare sun koma gida, a Nuwamban 2022 suka sa hannu a Pretoria.

Abin da ya sa na ce rabi, kayan nan yanzu ba gwamnati kaɗai ke samunsu ba. A Mayun 2025 rundunar RSF mai yaƙi da sojan Sudan ta kai hari Port Sudan da jirage marasa matuƙa daga nesa mai yawa. Sai dai RSF ba talakawa ba ne da suka fusata. Runduna ce da gwamnatin Sudan ta gina da hannunta, tana da zinariya, tana da masu ɗaure mata gindi a waje. Duk da haka ta riƙe yawancin Khartoum kusan shekara biyu, a Maris 2025 soja ya ƙwace fadar.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa yaron duka, ya ce Injiniya ne kaɗai ya san abin da yake faɗa. Baba, saura ɗaya ba ka taɓa ba. 2021 fa? In sojan Chadi mutum ɗaya yake bi, ga mutumin ya faɗi, me ya hana shi watsewa kamar na Habre?

Baba Ambasatna:

Alhaji, ka gaishe min da yaron, ka ce ya riƙe karatu.

Malama, na ji maganarki, amma ban sauka ba. A Siriya ko da ƙungiyoyi da yawa ne, kowa ya san wanda zai shiga fada, kuma shi ya shiga. A 2008 ba wanda ya sani, har su kansu.

Na 2021 kuwa, ƙungiyar tawaye ta FACT ce, ta Mahamat Mahdi Ali. Sun shigo daga Libiya ran 11 ga Afrilu, ranar zaɓe, suka gangaro har Kanem, arewa da Mao. A can Deby ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Amma ka duba yadda aka sanar ran 20 ga wata. Ba a ce shugaba ya rasu a tsaya a ga abin da zai faru ba. A sanarwa ɗaya aka faɗi rasuwar, aka rushe majalisa, aka ce ɗansa Mahamat, wanda dama shi ke riƙe da dakarun tsaron fada, shi ne shugaban majalisar soja ta janar 15. Kanar ɗin nan da na ce yana lissafi a bariki, kafin ya gama jin labarin mutuwa an riga an gaya masa wanda zai yi wa saluti gobe da safe. Kuma manyan rundunar nan dangin juna ne, sun san in 'yan FACT suka shigo ba kujera kawai za su rasa ba. Ran jana'iza Macron ya zo da kansa ya zauna kusa da ɗan Deby, ya ce Faransa ba za ta bari a taɓa Chadi ba. Kafin tsakiyar Mayu soja ya ce an gama, aka nuna fursunoni a Njamena.

Su Erdimi da Nouri kuwa sun shigo Njamena daga ƙarshe, a Agustan 2022, ta filin jirgi, bayan sulhun da suka yi da gwamnatin Chadi a Doha. Tagwayen Timane, wato Tom, har minista aka ba shi. Wannan ba sabon abu ba ne a can: Mahamat Nour da ya kawo hari birnin a Afrilun 2006, kafin shekara ta zagayo shi ne ministan tsaro.

Injiniya, Mirage ɗin da ka ambata sun tashi. Chadi ta soke yarjejeniyar soja da Faransa a ƙarshen Nuwamban 2024, sojan Faransa na ƙarshe ya bar sansanin Njamena a ƙarshen Janairun 2025. Filin jirgin da aka riƙe wa Deby a 2008, a 2025 ya koma hannun 'yan ƙasa, ga kuma yaƙin Darfur a bakin iyaka, Zagawa na ciki tsundum. In kwastomominka sun zo sari, Alhaji, wannan za ka tambaye su.